Digital Benin: aikin da ya sa sunan kaya gaba da lambarsa

A Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, sashen Afirka yana ƙasa ne, sai an sauka matakala. A can aka jera wasu faya-fayan tagulla a jikin sandunan ƙarfe, kowanne da siffar mutane a fuskarsa: sarki da fadawa, mayaƙa da garkuwa, 'yan kasuwar Fotugal masu dogon gashi da gemu. Wanda ya matsa kusa zai ga ƙananan huji a gefe-gefensu. Wurin ƙusa ne, domin a jikin ginshiƙan fadar Oba, wato sarkin Benin, aka taɓa kafa su tun wajen ƙarni na 16. Ɗan allon bayanin da ke kusa zai gaya maka ƙarfen da aka yi su da shi, da ƙarnin da aka yi su, da lambar rajista. Abin da ba za ka ji ba a wannan ɗakin shi ne muryar mutumin Edo, ƙabilar Benin, yana kiran abin da sunansa, wato ama.

Wannan giɓin ne wani aiki mai suna Digital Benin, kundin intanet na kayan tarihin Benin da suka watsu a duniya, ya ɗauki aniyar cikewa, kuma yadda masu aikin suka tsara shi ya cancanci a zauna a duba, musamman ga duk mai tunanin ɗora kayan tarihi a waya ko kwamfuta don jama'a su gani.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane girman matsalar. Benin ɗin da ake magana ita ce masarautar da ke jihar Edo ta Najeriya, ba Jamhuriyar Benin ba. A watan Janairun 1897 wani jami'in Birtaniya, James Phillips, ya doshi birnin da tawagarsa duk da an aika masa cewa ya dakata. Aka tare su a hanya, aka kashe shi da akasarin mutanensa. A watan Fabrairu Birtaniya ta tura dakaru kimanin 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson, suka ci birnin, wuta ta cinye fada, aka kwashe abin da ke cikinta. Oba Ovonramwen aka kai shi Kalaba, can ya rasu a 1914. Akwai hotunan da sojojin suka ɗauka da kansu, suna zaune a farfajiyar fada, hauren giwa da tagulla zube a gabansu kamar kayan gwanjo.

Gwanjon kuwa aka yi. Wasu kayan gwamnatin Birtaniya ta sayar, wasu hafsoshi suka tafi da su gida, dillalai irin su William Webster suka yi ta saye suna sayarwa. Felix von Luschan na gidan tarihin Berlin ya gane darajarsu da wuri, ya saya da yawa, shi ya sa Jamus ta zama ta biyu a yawan kayan bayan Birtaniya. Cikin 'yan shekaru kaya sun watsu daga Vienna zuwa Chicago. Abin ya kai ga a shekarun 1950, da Najeriya ke shirin buɗe gidan tarihinta na Legas, sai da aka sa kuɗi aka sayo wasu faya-fayan daga Gidan Tarihin Birtaniya. A 1977 kuma, lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, ita ce tambarin bikin baki ɗaya, amma Landan ta ƙi bayar da aronta, sai masassaƙan Benin suka sassaƙa wata a madadinta.

Duk tsawon wannan lokaci, sama da shekara 120, babu wanda zai iya amsa tambaya mafi sauƙi: guda nawa ne, kuma suna ina? Wasu masana su ce dubu uku, wasu dubu biyar, wasu su ce sun haura dubu goma. Mai neman kayansa a gaban alƙali, abin da za a fara tambayarsa ke nan: mene ne, nawa ne, a hannun wa yake. Fadar Benin da gwamnatin Najeriya sun daɗe suna neman a dawo da kaya, amma jerin kayan yana hannun waɗanda ake nema a wurinsu, kowa da nasa littafin, kuma mafi yawan kayan ba ma a baje suke ba, suna kulle a sito.

An fara aikin Digital Benin a 2020, da mazauninsa a gidan tarihin MARKK na birnin Hamburg, gidauniyar Ernst von Siemens ta ɗauki nauyinsa da kuɗin da ya haura yuro miliyan ɗaya. Shugabar MARKK, Barbara Plankensteiner, na cikin jagororin, tare da Farfesa Kokunre Agbontaen-Eghafona ta Jami'ar Benin, da Felicity Bodenstein, da Jonathan Fine, da Anne Luther wadda ta riƙe ɓangaren fasaha. A birnin Benin kuma akwai masu bincike 'yan ƙasa, cikinsu har da Osaisonor Godfrey Ekhator-Obogie da Eiloghosa Obobaifo. Da aka buɗe shafin a watan Nuwamban 2022, yana ɗauke da kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Gidan Tarihin Birtaniya kaɗai yana da 944, Berlin sama da 500, gidan tarihin Field na Chicago 393.

Tattara wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma wahalar ba ta ɗaukar hoto ba ce. Kowane gidan tarihi da yadda yake rubuta bayanansa. Wannan da Ingilishi, wancan da Jamusanci, wani da Faransanci ko harshen Holan. Abu ɗaya sai ka tarar an kira shi da suna biyar: nan a ce ƙararrawa, can a ce kayan tsafi, wani wurin a ce kayan ado kawai. Wani ya rubuta tarihin hannun da kaya ya bi dalla-dalla, wani layi ɗaya ya rubuta a 1899 ba a sake taɓawa ba. A cikin tsofaffin rubuce-rubucen akwai kalmomin raini irin na zamanin mulkin mallaka.

A nan masu aikin suka yanke shawarar farko mai nauyi. Abin da ya fi sauƙi, kuma ya fi kyan gani, shi ne a goge komai a sake rubuta shi bai ɗaya, ya fito fes. Ba su yi haka ba. Sun bar bayanin kowace cibiya yadda ta aiko shi, da sunanta a kai, sannan suka gina nasu tsarin a samansa don a iya bincike a haɗe. Ina ganin sun yi daidai. Tsohuwar rajistar nan, da kurakuranta da rainin da ke cikinta, ita kanta shaida ce. Wanda ya gyara ta ya ɓatar da sawun ɓarawo. Kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san wa ya faɗi me: wannan maganar gidan tarihin Oxford ce, wannan kuma ta mutanen Benin ce.

Shawara ta biyu ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kundin kayan tarihi na intanet yawanci da gurbin bincike yake tarbar ka: fili fari, ka rubuta abin da kake nema. Wannan ƙofa ce ta wanda ya riga ya sani. Masani ya san lambar rajista, ya san sunan da Turawa suka laƙaba wa kaya, zai rubuta ya samu. Ɗalibar sakandare a Benin, ko maƙerin tagulla, ko ni da kai, me za mu rubuta? Sai Digital Benin ya buɗe wata ƙofar daban, ya sa mata suna da harshen Edo, Ẹyo Otọ, ya ajiye ta a gaba. A cikinta an kasa kayan ne bisa sunayensu na asali da aikin da suke yi a wurin masu su.

Ranar da na fara buɗe wannan sashen a waya, na tsaya a kan wani suna da ban iya furtawa ba, uhunmwu elao. Kusa da shi akwai zanen hannu na kan mutum, wuyansa a lulluɓe da murjani har haɓa, da ɗan maɓallin sauti. Na taɓa, sai murya ta faɗi sunan, da hawa da saukar da rubutu ba ya iya nunawa. Na maimaita, na kasa, na sake taɓawa. Bayanin ya ce kai ne da ake zubawa don tunawa da Oba da ya rasu, magajinsa ke sa a yi, a ɗora a kan dakalin magabata a cikin fada. Daga nan ne kuma za ka shiga ka ga duk irinsa da ke duniya, na Berlin da na Landan da na Amurka, a jere wuri guda. Na sha ganin hoton irin wannan kan a jaridu da sunan "tagullar Benin". Ranar nan ce na fara sanin cewa ramin da ke tsakiyar kansa ba ado ba ne, mazaunin hauren giwa ne da aka sassaƙe, wanda shi ma yana da nasa sunan, aken'ni elao. Kai da haure tare suke tsayawa a dakali ɗaya, kusa da ƙararrawa, eroro, da sandunan ukhurhe da ake bugawa a ƙasa wajen kiran magabata. Yau sai ka ga kan yana wata ƙasa, hauren yana wata, ƙararrawar tana ta uku, kowanne shi kaɗai cikin gilashi.

Ba sai mutum ya yi imani da abin da ake yi a kan dakalin nan ba kafin ya gane abin da aka yi wa masu shi. An ɗauki abu guda mai ma'ana an yayyaga, an raba wa baƙi, kowane yanki aka sa masa lamba. Sunan "tagullar Benin" ma da ya zauna a bakin duniya bai dace da da yawa daga cikin kayan ba, domin akwai hauren giwa, da itace, da murjani, da baƙin ƙarfe, da yumɓu. Sunan Edo shi ke mayar da kowane yanki cikin danginsa. Da ka ji eben da ada, ka san takubban sarauta ne guda biyu masu aiki daban-daban a fada. Gidan tarihi kuwa "takobi" zai rubuta wa duka biyun.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai manyan riguna na ƙasar Hausa da Nufe a gidajen tarihin Turai, kuma sau da yawa bayanin da ke jikinsu bai wuce "riga, auduga, Arewacin Najeriya" ba. Kai wannan hoton wa tsohon maɗinki a Kano ko Zariya, kallo ɗaya zai yi ya ce maka wannan saƙi ce ko tsamiya, aikin da ke ƙirjinta aska takwas ne ko aska biyu, ya gaya maka irin mutumin da ke sa ta da ranar da ake sa ta. Ilimin yana nan da ransa a bakin mutane, rajistar ce ba ta taɓa tambayar su ba. Abin da masu binciken Benin suka yi ke nan: suka je suka tambaya.

Daga tambayar ne sashen tarihin baka ya fito, bidiyon hira da dattawa, da masu sarauta, da masu sana'a. A Benin sana'ar zubin tagulla ba ta mutu ba. Ƙungiyar Igun Eronmwon tana nan a titin Igun, gado ne daga uba zuwa ɗa, har yau da kakin zuma suke siffanta abu, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa kakin ya narke ya fita, su zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Masassaƙan haure da itace su ma suna da tasu ƙungiyar, Igbesanmwan. Ga mai irin wannan sana'ar, hoton aikin kakanninsa da zai iya buɗewa ya ƙara girmansa ya duba yadda aka fitar da murjanin wuya ko idon damisa, ba kallon nishaɗi ba ne, darasi ne da aka raba gidansu da shi tun 1897. Mai tsara shafi da ya sa wannan mutumin a ransa ba zai yi aiki irin na wanda ya sa farfesan Turai kaɗai a ransa ba.

Sauran ƙofofin ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Itan Edo, inda aka ba da tarihin masarautar daga bakin masanan Benin, don kada labarin ya fara daga ranar da Turawa suka iso. Akwai taswira, akwai jerin cibiyoyi da adadin abin da kowace ke riƙe da shi. Wadda ta fi ɗaukar hankalina bayan Ẹyo Otọ ita ce ta asalin mallaka. A can sunayen mutane ne: hafsan da ya ɗauko, dillalin da ya saya, attajirin da ya ajiye a falonsa, magajin da ya sayar ko ya bayar kyauta. Ka taɓa suna ɗaya, sai duk kayan da suka bi ta hannunsa su fito, ko da yanzu suna gidajen tarihi goma. A da, gano wannan aikin shekaru ne da tafiye-tafiye da wasiƙu. Kaya ɗaya ne a ƙasan duk ƙofofin nan, abin da ya bambanta shi ne ta inda mai ziyara ya shigo da tambayar da ya zo da ita.

Aikin yana da nasa rauni, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Na farko, lissafin 5,246 na cibiyoyi ne da suka yarda suka ba da bayanai. Abin da ke hannun ɗaiɗaikun masu kuɗi da 'yan kasuwar kayan tarihi bai shiga ba, kuma ba kaɗan ba ne. Mai karatu da bai lura ba zai ɗauka adadin nan shi ne duka. Na biyu, hotunan ba ɗaya suke ba, tunda kowace cibiya abin da take da shi ta aiko: wani kayan an ɗauke shi ta ko'ina da haske mai kyau, wani hoto ɗaya ne tsoho. Ikon hotunan ma na cibiyoyin ne. Wato mutumin Benin yana kallon kayan gidansu ta idon wanda ke riƙe da su, daga kusurwar da shi ya zaɓa. Bayan fai-fan tagulla, inda maƙeri zai fi son ya duba don ya ga yadda aka yi zubin, ba kullum ake nunawa ba.

Na uku ya fi damuna. Sunayen na Edo ne, amma akasarin bayanin da ke kewaye da su da Ingilishi yake. Tsohuwar da ta fi kowa sanin waƙar da ake yi a wani biki, mai yiwuwa ba za ta iya karanta shafin da aka rubuta game da bikin ba, sai jikanta ya karanta ya fassara mata. Ga tsadar data, ga bidiyo da ke cinye ta, ga wutar da za a yi cajin waya. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana jiran hoto ya buɗe a inda sabis ke da sanda ɗaya ya san cewa "kowa na iya gani a intanet" magana ce da ke da sharaɗi. Sannan shi kansa rumbun bayanan a Hamburg aka gina shi, da kuɗin wata gidauniyar Jamus. Masu aikin sun bayyana tun farko cewa burinsu shi ne riƙonsa ya koma Najeriya. Komawar na nufin a samu ma'aikata, da kuɗin kula da na'urori shekara bayan shekara, da wanda zai riƙa sabunta bayanai, kuma irin wannan hidimar ce ke kashe shafuka da yawa bayan an gama bikin buɗe su.

Akwai kuma fargabar da wasu suka nuna, wadda nake ganin tana da tushe: kada hoto ya zama madadin kaya. Gidan tarihi zai iya cewa ai mun saka komai a intanet, me kuma ake nema? A wannan karon dai abin bai tafi haka ba, domin kundin ya fito ne a daidai lokacin da kayan suka fara motsi. A watan Oktoban 2021 kwalejin Jesus ta Cambridge ta miƙa zakaran tagulla da ake kira okukor, Jami'ar Aberdeen ta miƙa kan wani Oba. Ranar 1 ga Yulin 2022 Jamus da Najeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar mayar da mallakar kaya sama da 1,100. A watan Oktoba cibiyar Smithsonian ta Amurka ta miƙa 29, a watan Nuwamba gidan tarihin Horniman na Landan ya miƙa mallakar 72. Hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya, wadda Farfesa Abba Isa Tijani ke shugabanta a lokacin, ita ta karɓi akasarinsu. Ba kundin ne ya jawo wannan ba, gwagwarmayar ta girme shi da shekaru da dama. Abin da ya yi shi ne ya cire uzurin rashin sani. Yanzu ɗan jarida a Abuja ko ɗalibi a Benin zai iya buɗe waya ya faɗi adadin da ke wani gari a Switzerland ko Sweden, da hotonsu, da sunan wanda ya kai su.

Motsin kayan ya kawo wa masu tsara shafin wani aikin da kundin takarda bai taɓa fuskanta ba. Layin da ke cewa "yana wuri kaza" ya daina zama tabbatacce. Wani kayan mallakarsa ta koma Najeriya amma jikinsa yana Jamus a matsayin aro. Wani ya iso gida. A watan Maris na 2023 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fitar da sanarwa a hukumance cewa kayan da aka dawo da su mallakar Oba ne, wato Ewuare na Biyu, abin da ya tayar da muhawara a Turai da Najeriya kan wa zai ajiye, a ina, kuma wa zai samu gani. A 2025 Holan ta dawo da 119 a lokaci guda. Kowane irin wannan sauyi yana nufin wani ya zauna ya gyara bayani, ya bambanta mai kaya da mai riƙon kaya, ba tare da ya goge tarihin inda kayan ya kwana shekara ɗari ba.

Cibiyar da ta fi kowa yawan kaya a kundin kuwa ba ta motsa ba. Gidan Tarihin Birtaniya ya ba da bayanansa da hotunansa, amma yana kafa hujja da wata dokar majalisa ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke rumbunsa har abada sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Daga cikin 944 ɗin nan, kimanin ɗari ne ke baje a ɗakin ƙasan da ake sauka da matakala, sauran sai a waya mutum zai gan su. Fuskar Idia da aka nema aro a 1977 tana cikin waɗanda ke Landan har yanzu.